Wa ya ɗinke ganyen shuwaka a bayan gida?

Tambaya: Wani tela mai shago a Aboabo, Kumasi, wanda gidansa ke wajen Asokore Mampong, ya aiko da wannan. A bayan gidansa akwai shuwaka da ta yi duhu a jikin katanga. Yaransa suka ga ganye uku an haɗe bakunansu da wani farin zare, suka leƙa suka tarar da 'yan ƙwai biyu a ciki. Ya taɓa ganin bidiyon wani tsuntsun Indiya mai ɗinka ganye a Facebook. Yana son ya sani: shi ne ya iso Gana? Yaya tsuntsu ke ɗinki ba hannu ba allura? Kuma da yake akwai mage a gidan, ya yanke reshen ya shigar da shi ɗaki?

Amsa: Malam, sannu da aiki, Allah ya ƙara kasuwa. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ba ta jira, don haka da ita zan fara. Kada ka yanke reshen. Ganyen nan da aka ɗinka yana raye, yana shan ruwa daga jikin uwarsa, kuma wannan ran shi ne ƙarfin sheƙar gaba ɗaya. Ka san yadda shuwaka ke yi in an tsinko ta da safe aka bar ta a faranti: kafin la'asar ta yi yaushi. Kwana biyu ganyen ya bushe ya ƙanƙance, duk inda aka huda ya yage, abin da ke ciki ya zubo. Iyayen kuma ba za su bi reshen cikin ɗaki ba. Wurin suka sani, in sun dawo ba su ga sheƙa a inda suka bar ta ba sai su yi 'yan kewaye-kewaye su haƙura. Ƙwan da aka fara yi wa kwanci kuwa, in ya kwana a sanyi ɗan da ke ciki ya mutu. Maganar mage za mu zo kanta, tana da magani wanda ba yankan reshe ba.

Tsuntsun da ka gani a bidiyo shi Turawa ke kira tailorbird, wato tsuntsu tela, a Indiya ma darzi suke ce masa, ma'anar ɗaya ce. Sunansa na ilimi Orthotomus sutorius, wani Bature mai suna Thomas Pennant ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1769. Tsawonsa santimita 10 zuwa 14 har da bindi, nauyinsa giram 6 zuwa 10, ka ce dunƙulen magi biyu. Bayansa kore ne, cikinsa fari-fari, goshinsa ja kamar tsatsa, kullum bindinsa a ɗage. Ƙasarsa ta taso daga Pakistan da Indiya da Siri Lanka, ta bi ta Bangaladash da Tailan da kudancin Sin, har Maleshiya da tsibirin Jaba. Yana da 'yan'uwa na jini sama da goma, dukkansu a Asiya. Akwai ma wanda sai a 2013 masana suka ba shi suna, kuma ba a wani ƙurmin daji aka same shi ba, a cikin Fanom Pen ne, babban birnin Kambodiya, yana zaune a sarƙaƙiyar bakin kogi mutane na wucewa ta gabansa.

Babu ko ɗayansu a Gana. Fikafikansu gajeru ne masu zagaye, ba sa ƙaura, fili mai faɗi ma ba sa son ketarawa balle teku. Akwai wasu 'yan kaɗan da ake kira telolin Afirka, amma su a duwatsun Tanzaniya da arewacin Mozambik suke, nesa da mu ƙwarai.

Sai dai sana'ar ta gidansu ce. Babban dangin da telan Indiya ya fito, wanda masana ke kira Cisticolidae, a Afirka ya fi yawa, kuma da dama daga cikinsu suna ɗinki a nan ƙasar. Daga siffar da ka bayar, ganye uku a haɗe, ƙasa-ƙasa, cikin duhuwa kusa da gida, wanda na fi zato shi ne kamaroptera mai tokar baya, Camaroptera brevicaudata. Tsawonsa wajen santimita 11 ne. Kai da baya ruwan toka, fikafikai kore-kore irin na ɗanyen ganye, ƙafafu ja-ja, ɗan gajeren bindi a ɗage har yana neman taɓa baya. Da wuya ka gan shi a sarari, amma kukansa ba ya ɓuya: in ya tsorata yana yin wani "meee, meee" ta hanci, sak ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa. Mutane da yawa sun sha jin wannan kuka a bayan gida suna ɗauka akuyar maƙwabta ce. Namijin kuma yana da wata waƙa mai ƙarfi da yake maimaitawa, kamar ana buga duwatsu biyu. Ka zauna nesa kaɗan bayan sallar asuba ka kasa kunne. In ka ji ɗan akuya a cikin shuwaka, ka sami mai ɗinkin.

In ba shi ba ne, akwai sistikola mai jan fuska, Cisticola erythrops, wadda ta fi son ciyayi masu tsawo a bakin rafi da fadama, ita ma tana ɗinka ganye masu faɗi ta gina a tsakaninsu. Akwai kuma firiniya, Prinia subflava, mai dogon bindi siriri da farar gira, wadda ta cika lambuna da kangaye. Aikinta daban ne: tana tsaga ɗanyar ciyawa siri-siri ta saƙa jaka mai ƙofa a gefe, sannan ta maƙala jakar a jikin ganye ko tsinke. In ka ga saƙar ciyawa a fili daga waje, tata ce. In kuwa ganye kawai kake gani da ɗigo-ɗigon farin abu a bakinsa, ginin yana ɓoye a ciki, to kamaroptera ce ko sistikola. Kabare, mai rataya kwandunansa da yawa a bishiya guda yana hayaniya, ba ya cikin wannan lissafi. Shi masaƙi ne, kuma sai ya tsinke ganye yake aiki da shi.

Kai ƙwai yaranka suka gani, don haka tsuntsu ne ba shakka. Amma ga sauran masu karatu, ba duk ganyen da aka haɗe ne aikin tsuntsu ba, kama da wane ba ta wane. A yankin Asante abin da ya fi yawa shi ne gidan jajayen tururuwan nan na bishiyar mangwaro da lemo da koko, Oecophylla longinoda. Su ba sa huda ganye. Manyan suna jeruwa su janyo bakin ganye biyu su riƙe, wasu su ɗauko tsutsotsin gidan a baki suna goga su nan da can, tsutsar na fitar da siliki, har a manne wurin da wani farin shafe kamar takarda. Gidansu a rufe yake ruf, yawanci a sama, kuma in ka taɓa shi za ka san ka taɓa. Manoman koko da suka san amfaninsu ba sa kashe su, domin suna cin akate, ƙwarin nan da ke ɓata koko. Sai kuma tsutsar da ke naɗe ganyen kuɓewa kamar sigari ta ɓuya a ciki, za ka ga baƙin kashinta in ka warware. Aikin tsuntsu shi kaɗai ne ke da huji a jere a bakin ganye, da ƙofa a buɗe ta sama ko ta gefe, da shimfiɗa a ciki.

Yanzu ga ɗinkin kansa. An fi nazarinsa a wurin telan Indiya, saboda a lambunan gidaje yake gini inda kowa ke gani, amma hanyar kusan ɗaya ce da ta namu.

Sunan nan sutorius, da Latin ba tela yake nufi ba, baduku yake nufi, mai ɗinkin takalmi. Kuma wanda ya raɗa sunan ya fi masu cewa tela gaskiya. Kai allurarka tana huda tana jan zare a tafiya guda. Baduku kuwa sai ya fara huda fata da basilla, sannan ya zura zaren ta kafar da ya yi. Haka tsuntsuwar ke yi, kuma macen ce ke yawancin aikin. Bakinta siriri ne mai tsini, shi ne basillar, shi ne kuma yatsun.

Tana fara da zaɓen ganye. Ba ta son tsoho mai tauri da zai karye in an lanƙwasa, ba ta son sabon toho da zai yage da huji ɗaya. Tana neman wanda ya ƙosa amma yana da laushi, yana rataye a tsakiyar duhuwa inda wasu ganyaye suka rufe shi, galibi tsakanin gwiwa da ƙirjin mutum daga ƙasa. In ganyen babba ne, guda ɗaya ya isa: sai ta naɗe shi ta haɗa bakinsa na dama da na hagu ya zama kamar mazurari, irin yadda mai waken suya ke naɗe takarda. In ƙanana ne irin na shuwaka, sai ta haɗa biyu ko uku ko fiye, shi ya sa ka ga uku. Kullum fuskar ganyen mai santsi ce ke kallon waje. Wannan yana da amfani biyu: ruwan sama yana zamewa a kai ya sauka ta tsinin ganyen, kuma mai wucewa kore yake gani irin na sauran ganyaye, ba farin cikin ganye da zai ja ido ba.

Sai huji. Tana bin bakin ganyen tana soka baki, ba a can gefe sosai ba don kada ya ɓalle, ba kuma a kan babbar jijiyar tsakiya ba. Hujin ƙanana ne kamar na allurar hannu. Saboda ƙanƙantarsu, jijiyoyin da ke kai ruwa ba sa yankewa, wurin ba ya ƙonewa ya yi ja, ganyen ya ci gaba da rayuwarsa kamar ba a taɓa shi ba. Da a ce tsaga ta yi maimakon huji, cikin mako guda bakin ganyen zai bushe, sheƙar ta fito fili.

Zaren iri uku ne. Akwai yanar gizo-gizo, musamman silikin da gizo ke naɗe ƙwansa da shi, mai kauri da danƙo. Akwai audugar tsirrai, irin ta rimi da ta tumfafiya da auduga ta gona. Akwai kuma zaruruwan ɓawon itace da na ciyawa. A garuruwan Indiya har zaren tufafi da suka tsinta a tsakar gida suna ɗauka. Yanar gizo ita ce babba a cikinsu don tana miƙewa ba ta tsinke ba. Iska ta kaɗa ganye, ɗinkin ya ba da kai ya dawo. 'Ya'ya su girma su cika sheƙa, bangon ya buɗa kaɗan ya ɗauke su.

Abin da zai fi ba ka mamaki a matsayinka na mai sana'a shi ne babu ƙulli. Wani likita Bature mai suna Jerdon, da ya yi rubutu a kan tsuntsayen Indiya a ƙarni na 19, ya ce tsuntsun yana ƙulla zare, aka daɗe ana maimaita maganarsa, amma waɗanda suka kwance sheƙu suka duba da kyau ba su ga ƙulli ba. Abin da take yi shi ne ta tura ɗan dunƙulen auduga ko siliki ta cikin huji, ta zagaya ta janyo shi ta ɗaya gefen, bakin zaren ya baje ya yi tuƙu kamar kan ashana. Tuƙun ya fi hujin girma, ba zai koma ba. Ka tuna 'yan ƙusoshin jan ƙarfe da ake bugawa a bakin aljihun wandon jins, masu kai ta gaba da ta baya: aikinsu ɗaya. Waɗannan su ne fararen ɗigon da yaranka suka gani. Ban da wannan tana yin ɗinki na sosai, zare guda ya ratsa ganye biyu ya haɗe su, tana kuma yin zarge irin na igiyar takalmi inda bakin ganyayen bai haɗu ba, zaren ya tafi ya dawo a kan giɓin. A sheƙa guda ana iya ƙirga ɗinki fiye da ɗari. Ba a jere suke tsaf ba, wani kusa wani nesa, yaron shago ya kawo maka irinsa za ka ce ya warware. Amma an fi cika su a inda nauyi zai taru, wato ƙasa da kuma wajen da ganyen ya fi ja.

Ganyen da aka ɗinka ba shi ne sheƙar ba, riga ce kawai. Sheƙar ita ce shafin da ke ciki: ɗan kofi mai zurfi da aka gina da lallausar busasshiyar ciyawa da zaruruwa, aka shimfiɗe da audugar tsirrai. Ta kan soko wasu zaruruwan shafin ta cikin ganyen su fito waje su yi tuƙu, don kada kofin ya zame ƙasa in nauyi ya ƙaru. Kamaroptera sau da yawa tana ƙara ganye guda a sama ta ɗinke shi ya zama rumfa. Duka aikin 'yan kwanaki ne. In ganye ya yage tana cikin aiki sai ta sake huji a gefen yagewar, ko ta janyo wani ganyen ta yi faci da shi. In abin ya ƙi, ta bar shi ta koma wani reshe, wani lokaci ta kwashe audugar tsohon ta yi amfani da ita. Shi ya sa akan ga ganye da huji a jere ba komai a ciki.

Lissafin kwanaki zai taimake ka ka san tsawon haƙurin da za ka yi. Macen tana yin ƙwai ɗaya kowace rana, biyu zuwa huɗu, telan Indiya yawanci uku. Ƙwan bai kai santimita 2 ba, fari ko shuɗi-shuɗi, wani da ɗigon ja wani babu. Tunda biyu aka gani, mai yiwuwa ta gama, mai yiwuwa kuma akwai na uku a hanya. Kwanci wajen kwana 12 ne a wurin telan Indiya, kamaroptera kusan mako biyu. 'Ya'yan suna fitowa tsirara idonsu a rufe, su yi kimanin mako biyu a sheƙa uwa da uba na kawo musu tsutsa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo. Ka ga ke nan daga yau wata guda ya ishe ka, ka sami shuwakarka. Kashin 'ya'yan yana fitowa ne a cikin wata farar jaka, iyayen su ɗauke shi a baki su kai nesa su yar, don haka ba za ka ga ƙazanta a ƙarƙashin sheƙar ba sai dab da tashi. Lokacin gini kuma yana bin ruwa ne. A Indiya ya fi yawa daga Yuni zuwa Agusta. A Kumasi da ke da damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin ne ganye ke da faɗi da laushi, tsutsa kuma ta wadata. Da hunturu ganye ya yi tauri ya yi ƙura, abincin 'ya'ya ya yi wuya.

Sheƙu da yawa ba sa kaiwa ga tashi, ko da mutum bai taɓa su ba, gara ka san haka tun yanzu don kada yara su ɗora wa kansu laifi. Sheƙar tana ƙasa, maciji da ɓera da ƙadangare da mage duk suna isa gare ta. Ragon maza, wannan babban tsuntsu mai jajayen fikafikai da ke rarrafe a cikin duhuwa, gwanin fasa sheƙa ne. Ƙwarƙwasa in suka biyo ta wurin da dare ba sa barin komai. Ruwa mai iska irin na farkon damina yana iya yaga ganyen ta layin hujin, kamar yadda takardar rasit ke yagewa ta inda aka huhhuda. Fara ko tsutsa na iya cinye ganyen da ke riƙe da ginin. Akwai kuma 'yan cin amana: wani tsuntsu kore shar mai ƙyalli da rawayan ciki, Chrysococcyx cupreus, daga dangin da Turawa ke kira cuckoo, macensa kan saka ƙwanta a sheƙar kamaroptera ta tafi abinta. Ɗanta in ya ƙyanƙyashe sai ya ture na masu gida waje, ya zauna shi kaɗai ana ciyar da shi har ya ninka masu renonsa girma. Telan Indiya ma yana da irin wannan baƙo a ƙasarsa. In ka ga ɗa guda ya cika sheƙa ya yi mata yawa, abin da ya faru ke nan, kuma ka bar shi, shi ma tsuntsun ƙasar nan ne.

Amma a bayan gida, ɓarnar da ta fi yawa daga hannunmu take fitowa, kuma yawancinta da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Ta farko sharar wuri. Mutum ya ga sheƙa ya ji tausayi, sai ya sassabe ciyawar da ke kewaye don maciji, ya karya ganyayen da suka rufe ta don yara su riƙa gani. Ya tone mata asiri ke nan. Hankaka daga kan falwaya zai hango ta, rana kuma za ta doki ganyen kai tsaye, 'ya'yan da ba su da gashi su galabaita. Ka bar taku biyu ta kowane gefe yadda yake. In uwargida na bukatar shuwakar miya, a tsinka daga can ɗaya ɓangaren, kada a girgiza reshen.

Ta biyu feshi. Maganin kashe ciyawa in ya taɓa tsiron, ganyen da aka ɗinka zai mutu cikin kwanaki, daidai yake da yanke reshen. Maganin ƙwari kuma yana kashe abincin 'ya'yan, wanda bai mutu ba iyaye su ɗauko shi da gubarsa su ɗura musu. A dakatar da feshi a wannan kusurwa har su tashi.

Ta uku yawan leƙe. Maganar da ake yi cewa in ka taɓa ƙwai uwar za ta ji warin hannunka ta gudu, ba haka ba ne. Abin da ke sa ta gudu shi ne a yi ta tashinta daga kwanci, musamman a kwanakin farko. Kuma duk zuwan da aka yi ana barin sawu a ciyawa wanda mage da ɓera za su bi. Leƙe ɗaya a kwana uku ya isa, na 'yan daƙiƙu, lokacin da uwar ta fita kiwo da kanta, ba da sassafe mai sanyi ba, ba kuma ana ruwa ba. Kada a buɗa ganyen da yatsa, tuƙun nan ba a yi su don jan hannun mutum ba. A ɗaga waya ta saman ƙofar a ɗauki hoto, kowa ya kalla a ɗaki. In 'ya'yan sun kai kwana tara ko goma, gashi ya rufe su, a daina zuwa kwata-kwata, domin a wannan lokaci in suka firgita sai su yi tsalle su watse tun fikafikansu ba su ƙosa ba, kuma in ka mayar da su ba sa zama.

Ta huɗu ta shafe ka kai tsaye. Kada tausayi ya sa ka kwaso ragowar zaren shago ka zuba musu. Zaren keken ɗinki na yanzu yawancinsa na roba ne, ba ya ruɓewa, ba ya tsinkewa. In ya shiga shimfiɗa yana naɗe ƙafar ɗan tsuntsu, ƙafar na girma zaren na shiga nama, har ta mutu ko ɗan ya rataye ranar tashi. Gashin kanti da mata ke ƙari da shi, wanda ake zubarwa a bayan gida bayan kitso, ya fi zaren ma illa. A share shi daga wurin. In kana son taimaka musu da kayan gini, ka bar yanar gizo-gizon da ke jikin katanga kada a share, in kuma ka samu audugar rimi ka maƙala 'yar kaɗan a reshe. Ita gajeren zare gare ta, ba ta naɗe komai.

Mage kuwa, a rufe ta a ɗaki da dare da sassafe, a ƙosar da ita, musamman a makon ƙarshe lokacin da 'ya'yan ke kuka da ƙarfi da kuma kwana uku bayan sun fito. In ta maƙwabta ce, a kewaye gindin shuwakar da ragar waya irin ta kejin kaji, nesa da sheƙar da kamar taku ɗaya, a bar sama a buɗe, ko a jibge ƙaya a gindin. A yi aikin cikin minti kaɗan a bar wurin.

In iska ta yaga ganye sheƙar ta karkace da 'ya'ya a ciki, a nan sana'arka za ta yi rana. Ka ɗauki zaren auduga da allura ka ɗinke yagewar daga waje da ɗinki uku ko huɗu, ka yanke bakin zaren gajere, ko ka tallafe ƙasan da ɗan ƙyalle ka ɗaure a reshen. In ta faɗo gaba ɗaya, ka samu ɗan ƙaramin kwando ko robar da aka huhhuda gindinta don ruwa ya wuce, ka saka kofin ciyawar da 'ya'yan a ciki, ka ɗaure a wannan tsiron dai, a tsayin da take da, cikin inuwa. Ka koma nesa ka jira awa ɗaya ko biyu. Kukan 'ya'yan ne zai kira iyayen. Kada ka ba su koko ko shinkafa ko burodi, cikinsu na ƙwari ne, kada kuma ka ɗura musu ruwa a baki, yana bin hanyar numfashi ya shaƙe su. Wanda kuma aka gani a ƙasa da cikakken gashi da ɗan guntun bindi yana tsalle-tsalle, ba faɗowa ya yi ba, tashi ya yi. Iyayensa na kusa suna wannan kukan akuya. A ɗora shi a reshe cikin duhuwa in yana kan hanya, a ba su wuri.

Don tabbatar da ko wane ne, ka naɗi kukansa da waya, ka haɗa da hoton sheƙar, ka nuna wa masu kallon tsuntsaye. Ƙungiyar Ghana Wildlife Society da ke Accra tana da masana wannan fanni. In kuma yaran sun kamu da son abin, lambun itatuwa na jami'ar KNUST da dajin Owabi da na Bobiri da ke Kubease a hanyar Accra duk suna kusa da ku, kuma a dazuzzukan akwai wasu 'yan'uwan kamaroptera na kurmi da ba sa shigowa gari, har da mai rawayar gira.

Bayan sun tashi ka ƙara mako guda, ka ga ba mai shiga ba mai fita. Ba sa komawa tsohuwar sheƙa, in za su sake ƙwai sabuwa suke ɗinkawa, sau da yawa a nan kusa. A lokacin ka sa almakashi ka yanke reshen, ka kai shago tun ganyen bai bushe ba. Ka juya shi ta ciki a gaban fitilar keke, ka ja tuƙu ɗaya a hankali da ɗan hantsaki ka ga yadda ya baje a bayan hujin, sannan ka sa yaran shago su ƙirga ɗinkin da ke gefe guda.